A Tambayi Mai Kurmi Kafin A Sare Ko A Tsare

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in fara da roƙonku abu guda. In kun koma gida ku leƙa kwandon kayan yaji da ke madafa, ku dubi abin da ke ciki. Za ku tarar da kimba da masoro da citta mai 'ya'ya. Sa'an nan ku tuna da goron da ake rabawa ran suna da ran ɗaurin aure, da namijin goron da tsofaffi ke ɓantara in tari ya dame su. To, duk cikinsu babu wanda ke yi a gonakin Kano ko Katsina ko Sakkwato. Tsire-tsiren kurmi ne, watau wannan daji mai duhu na Kudu inda ruwan sama ke zuba wata takwas ko tara a shekara. Kullum muna ci, amma da wuya ka sami ɗayanmu da ya taɓa ganin uwar ko guda daga cikinsu.

Cinikin nan kuwa ba yau aka fara shi ba. Tun kafin zuwan Turawa fatakenmu ke ɗaura wa jakuna kaya, su bi madugu wata da watanni zuwa Gwanja, a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Su kai kanwa da fatu da tufafi, su sayo goron da aka tsinko a kurmin Asante. Har yau Yarabawa na kiran irin wannan goro "gbanja", saboda sunan waccan ƙasa. Saboda haka in wani ya ce mini ina ruwan Bahaushe da kurmi, sai in ce masa ya fara barin cin goro tukuna, sa'an nan mu yi magana.

Ni ma da ban damu ba, sai a dogon hutun da ya wuce. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, sana'arsa sayo namijin goro da kimba daga Kudu ya kawo Kano. Ya ce in raka shi in riƙa rubuta masa lissafi. Muka kwana biyu a hanya, ta Makurɗi da Ogoja, muka wuce Ikom, har muka sauka wani ƙauye a bakin kurmi cikin Jihar Kuros Riba. Mai masaukinmu wani dattijo ne wanda Kawu ya daɗe yana sayen kaya a hannunsa. Ba ya jin Hausa sai gaisuwa, mu kuma ba ma jin harshensa, saboda haka da Turancin buroka muke fahimtar juna. Kawu na ce masa Baba, ni ma sai na bi.

Rana ta uku na roƙi Baba ya tafi da ni daji. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, ka faye son gani. To je ka, amma kada ka taɓa kome sai abin da Baba ya miƙa maka da hannunsa." Na ce, "To, Kawu." Na ɗauki ɗan littafina da fensir, muka kama hanya.

Tun da aka haife ni ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Da hantsi muka shiga, amma sai ka ce almuru, don ganye ya haɗe a sama ya tare rana. Itatuwa sun miƙe sambal, sun fi rimin ƙofar garinmu tsawo nesa ba kusa ba. Saiwoyinsu sun taso daga ƙasa kamar katangu, igiyoyin daji kuma suna ta reto daga rassa. Ni dai kore kurum nake gani, kowane icce kamar ɗan'uwansa. Baba kuwa sai ka ce mai unguwa yana zaga gidajen mutanensa. Ya murza wannan ganye ya shinshina, ya ɗan ƙwarzani wancan ɓawo ya dubi launin ruwansa, ya faɗi sunansa. Wannan ɓawonsa na zazzaɓi ne. Wannan ganyensa ake matsa wa sabon yanka. Wannan 'ya'yansa birai ke ci. Wancan kuwa ko kusa kada akuya ta taɓa shi. Na rubuta sunaye arba'in da 'yan kai, hannuna ya gaji, shi kuwa ko alamar ƙarewa bai yi ba.

Muka iso gindin namijin goro. 'Ya'yansa kamar lemo, launin ruwan ɗorawa, sun zuzzuba a ƙasa. Baba ya ce ba sa hawa su kaɗo, sai sun jira ya nuna ya faɗo da kansa. Sa'an nan su tara shi wuri ɗaya har naman ya ruɓe, su fitar da ƙwayar su wanke. Ba kuma duka suke kwashewa ba, sukan bar wasu domin namun daji da domin tsiro. Kusa da wurin na ga wani icce irinsa sak, amma babu ɗa ko guda a jikinsa. Na ce, "Baba, wannan tun da ba ya haihuwa, me ya sa ba ku sare ba?" Ya yi dariya ya ce shi ne mijin, in aka sare shi sauran ma sai su daina. Da na dawo na tambayi malaminmu na ilmin halittu, ya ce gaskiya ne, a dangin wannan icce galibi furen namiji da na mace ba sa zama a gindi ɗaya. Ashe shi namijin goro ma yana da mace da namiji.

Na ga wasu ƙa'idoji da dama. In zai ɗebi ɓawo, gefe ɗaya yake ɓarewa, ɗan kaɗan, ya shafe wurin da ƙasa. Ganyen miyar da suke kira afang, wanda ke yaɗo a jikin itatuwa, tsinka ake yi a bar igiyar. Akwai kuma wani yanki a kan mafarin rafin da ƙauyen ke sha, wanda ba a yarda kowa ya sa gatari a ciki ba.

A hanyar dawowa muka ratsa wani fili inda rana ke dukan ƙasa kai tsaye. Kututture ne manya-manya, da tulin garin katako, da sawun babbar mota. Wasu ne suka zo da injin yanka, suka kayar da manyan itatuwa, su kuma da za su faɗi suka murƙushe duk ƙananan da ke ƙarƙashinsu. Baba ya daɗe yana tsaye bai ce kome ba. Can ya ce mini jikokinsa duk suna birni, ba sa jin harshensa sosai, kuma babu wanda zai iya kiran sunan icce goma a cikinsu. Ya ce, "Ɗana, ka ga kai baƙo ne, amma yau ka tambaye ni abin da nawa ba su taɓa tambaya ba."

Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, duk wani shirin kare tsire-tsiren kurmi da bai sa irin su Baba a gaba ba, aikin baban giwa ne. Ko sarewa za a yi ko tsarewa, wajibi ne a fara tambayar mutanen da suka gaji wurin, a ba su murya cikin shawara, a kuma ba su rabonsu cikin riba. Ina da dalilai uku.

Na farko, ba a tsare abin da ba a sani ba. A kurmin Korup na ƙasar Kamaru, wanda ke manne da namu na Oban, masana sun keɓe fili hekta 50 kacal suka ƙirga itatuwan da ke ciki, suka sami kusan iri 500. Ku kwatanta da gonakinmu, inda in ka lissafa kuka da tsamiya da ɗorawa da kaɗanya da gawo da kanya da aduwa da magarya, ka ci rabin tafiya. Masanin da ya zo daga jami'a mako biyu ko uku gare shi, ya ɗebi ganye ya koma. Mutumin ƙauye kuwa yana da shekarunsa sittin, ga kuma abin da kakanninsa suka bar masa. Shi ya san wanda ke fure shekara-shekara da wanda ke tsallakewa, shi ya san wanda ya fara ƙaranci tun kafin wani ya rubuta a takarda.

Tarihi ma ya nuna sau da yawa sawun irin wannan sani masu bincike ke bi. A ƙasar Kalaba akwai wani waken daji da mutanen Efik ke kira esere, sun kuma daɗe da sanin irin ƙarfin dafinsa. Likitocin birnin Edimbara suka sami labarinsa suka shiga gwaji, a 1864 wasu masana a Jamus suka ware sinadarin da ke cikinsa, kafin 1880 kuma har an fara ɗiga shi a ido don ciwon gilakoma, wanda ruwan cikin ido ke taruwa ya danne jijiyar gani. Haka kuma ganyen nan mai faɗi da Yarabawa ke naɗe alala da agidi da shi. A gindinsa akwai wani jan ɗa da mutanen kurmi ke zaƙaƙa abinci mai tsami da shi tun da daɗewa. A 1972 masana a ƙasar Holan suka ciro abin da ke sa zaƙin, aka tarar ya fi sukari sau dubu biyu ko fiye, ana kuma sa shi cikin cingam da kayan sha a ƙasashe da dama.

Misali na kusa da mu shi ne maganin sikila da ake kira Niprisan. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ce ta haɗa shi, daga wani haɗi da ta karɓa a hannun wani mai maganin gargajiya na ƙasar Yarabawa. Cikin abubuwa huɗu da aka haɗa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, waɗanda kowace uwa a cikinmu ta sani. Abin da ya burge ni shi ne an ƙulla yarjejeniya da mai maganin, kuma da aka yi rajistar mallakar fasahar a Amurka a 1998, an sa sunansa tare da na masanan. Sarrafa maganin da yawa ya yi ta cin karo da cikas daga baya, amma hanyar da aka bi wajen girmama mai ilmin abin koyi ce.

Dalili na biyu, mutanen kurmi sun san yadda ake ɗiba ba a kashe ba. A dazuzzukan kan duwatsun Kamaru, wajen Dutsen Kamaru da Oku, akwai wani icce da masana ke kira Prunus africana. Masu maganin gida sun daɗe suna ɗan ɓarar ɓawonsa don zazzaɓi da ciwon ƙirji, icce na nan tsaye. Da aka gano a Turai cewa ɓawon na taimakon dattawa maza masu kumburin da ke hana fitsari fita sosai, sai aka shiga fitar da shi tan-tan tun daga shekarun 1970. Aka ba 'yan kwangila lasin, su kuma suka ɗauki 'yan ƙwadago waɗanda nauyin kaya kawai ake biyansu. Suka riƙa feɗe icce tun daga gindi har rassa, wasu ma su kayar da shi don sauƙi. Itatuwa suka yi ta mutuwa a tsaye. A 1995 aka sa shi cikin jerin tsire-tsiren da ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe sai da izini, a 2007 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da ɓawon daga Kamaru na wasu shekaru. Ƙa'idar da ma'aikatan daji ke koyarwa, watau a ɓare gefe biyu a bar biyu, a jira shekaru kafin a dawo, ba ta da nisa da abin da na ga Baba yana yi da wuƙarsa, shi da bai taɓa shiga aji ba.

Kada mu zaci abin ya tsaya a Kamaru. Namijin goron nan namu yana cikin jerin itatuwan da ƙungiyar duniya mai lura da halittu, IUCN, ta ce suna fuskantar barazana. Ana sare shi don asuwaki, ana share kurmin da yake ciki, ƙwayarsa kuma tana iya yin watanni a ƙasa kafin ta tsiro, icce ya yi shekaru kafin ya fara haihuwa. Abin da gatari ya yi da safe ɗaya, sai yaro ya girma kafin a mayar da shi.

Dalili na uku, inda aka bar wa mutanen wuri iko, kurmi ya fi daɗewa a tsaye. Mafi girman abin da ya saura na kurmin Nijeriya yana Jihar Kuros Riba, kuma a 1991 gwamnati ta kafa gandun daji na ƙasa a can. Wannan abin yabo ne. Amma a gefen gandun akwai wasu ƙauyuka biyu, Tsohuwar Ekuri da Sabuwar Ekuri, a ƙaramar hukumar Akamkpa, masu kurmi na kansu kimanin hekta 33,600. Masu katako sun yi musu tayin hanyar mota a bakin itatuwansu, alhali kuwa suna matuƙar bukatar hanyar, don a ka suke ɗaukar kaya da marasa lafiya. Suka ƙi. Suka riƙa cire wani abu daga kuɗin kayan dajin da suke sayarwa, suka fasa hanyarsu da ƙarfinsu. A 1992 suka kafa ƙungiyar kula da kurmin, suka tsara inda za a yi noma da inda ba za a taɓa ba, a 2004 kuma wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su lambar yabo.

Jarrabawarsu mafi girma ta zo a 2016, sa'ad da gwamnatin jihar ta ce ta karɓe ƙasar da ke kilomita 10 dama da hagu na wata babbar hanya mai tsawon kilomita 260 da take son ginawa. Da an yi haka da kurmin Ekuri ya tafi. Maza da mata suka tashi, suka yi zanga-zanga, suka rubuta koke, duniya ta ji. A 2017 gwamnati ta janye wannan sanarwa. Ko bayan haka ɓarayin katako ba su bar su sun huta ba, amma ku tambayi kanku, in da mutanen nan ba su ɗauki kurmin a matsayin nasu ba, wa zai tsaya gaban katafila dominsa? Ma'aikacin daji albashi yake karewa, kuma ana iya canja masa wurin aiki gobe. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu bari in juyo ga abin da na san wasu za su ce, don ba na son a ce na ɓoye wani gefe.

Wasu iyayenmu za su ce wannan ilmin da kake yabo cike yake da camfi da tsafi. Akwai gaskiya a nan. Waken esere da na ambata, da can tilasta wa wanda ake zargi da maita ake yi ya ci, in ya amayar a ce ba shi da laifi, in ya mutu a ce gaskiya ta kama shi. Bayin Allah da yawa sun hallaka a banza, kuma hana wannan al'ada alheri ne. Har ila yau akwai jiƙe-jiƙen da ba su da awo, waɗanda ke lalata ƙoda da hanta. Ba na neman kowa ya karɓi camfin kowa. Amma cewa ganye kaza na tsayar da jini, ko icce kaza ba ya haihuwa sai da mijinsa a kusa, magana ce da ake iya gwadawa a ɗakin bincike a ga ko haka ne. Aikin mai ilmin zamani shi ne ya yi tankaɗe da rairaya, ya ɗauki tsaba ya zubar da dusa. Wanda ya zubar da kwaryar gaba ɗaya don ya ga dusa a sama, shi ya yi hasara. Dubi kurmin Oshun da ke cikin garin Oshogbo, hekta 75, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Mutum na iya ƙin abin da ake bauta wa a wurin, kamar yadda na ƙi, ya kuma yarda cewa dokar hana sara da mutanen garin suka riƙe ita ta bar itatuwan a tsaye bayan na kewaye sun ƙare.

Wasu kuma za su ce ai su mutanen ƙauyen ne da kansu ke share kurmi su dasa koko da ayaba, su ne kuma ke nuna wa masu injin inda manyan itatuwa suke. Wannan ma haka ne, na gani da idona. Sai dai mu tambayi dalili. Ni na riƙe littafin lissafin Kawu, na ga yadda kuɗin buhun namijin goro ke rabuwa kafin ya iso Kano. Mai mota ya ɗauka, masu shingen hanya sun ɗauka, dillali ya ɗauka, ita kuwa matar da ta sunkuya ta tsinta, ta ruɓar, ta wanke, nata ne mafi ƙanƙanta. Uban da ake kora ɗansa daga makaranta saboda kuɗi, in aka ɗora masa kuɗin icce a hannu, wa'azi ba zai hana shi sayarwa ba. Sai ran da icce a tsaye ya fi icce a kwance kawo masa amfani, kuma ya tabbata shi da 'ya'yansa za su ci wannan amfani. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna haka a tasu ƙasa mai rani. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka shiga barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu aski, da suka ga itatuwan nasu ne ba na hukuma ba, har aka ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo sun kai hekta miliyan 5.

Magana ta uku ita ta fi damuna. Ana cewa in aka tona asirin tsiro, ɓarayi aka kira. Labarin ɓawon Kamaru ya isa shaida. Haka kuma ban ji an ce wani ƙauyen Kalaba ya sami ko anini daga maganin ido ba. Duniya ta fara gane wannan zalunci. A taron Riyo na ƙasar Barazil a 1992 ƙasashe suka amince cewa a mutunta ilmin mutanen wuri. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta ce kada a ɗauki irin wannan ilmi sai da yardar masu shi tun farko, kuma a raba riba da su. A taron Kali na ƙasar Kolambiya a 2024 aka amince a kafa musu zaunannen kwamiti na kansu. Duk wannan da kyau, amma takarda ce, Baba kuwa ba ya karatu. Yarjejeniya ba ta amfani ƙauyen da ba shi da ɗa mai iya karanta ta ya ce, "Tsaya, ba haka aka rubuta ba." A nan ne mu 'yan makaranta muka shigo.

Saboda haka ga shawarwarina. Ga hukuma, kada a shata gandu ko hanya ko a ba da lasin katako sai an zauna da dattawan wurin, maza da mata, don su matan su ne suka fi sanin ganyen miya da na jego. A ɗauki 'ya'yan ƙauyukan aikin tsaron daji, a kuma koyar da sunayen tsire-tsire da harshen gida a makarantunsu, gama in harshe ya mutu sunayen sun tafi da shi. Ga iyayenmu 'yan kasuwa, ku da kuka gaji fatauci daga masu zuwa Gwanja, ku daina karɓar ɗanyen kaya da aka kaɗo kafin ya nuna, ku kuma biya mai tsinta abin da zai sa ya ga icce ya fi katako daraja. Kawu da kansa ya yarda cewa in uwar ta ƙare, sana'arsa ta ƙare.

Ga mu ɗalibai kuwa, ba sai mun je Kuros Riba ba. Kowannenmu yana da Babansa a gida. Akwai kaka da ta san abin da sabara ke yi wa mai jego, akwai tsohon makiyayi da ya san ciyawar da ke kashe saniya. A 1916 wani likita Bature mai suna Dalziel ya buga littafin sunayen tsire-tsire da Hausa, daga bakin kakanninmu ya tattara su. Shekara fiye da ɗari ke nan. Abin kunya ne mu zauna muna jiran wani baƙo ya sake zuwa ya yi mana. Ina roƙon shugaban makaranta da malaminmu na ilmin halittu su yarda mu buɗe babban littafi a ɗakin karatu. Kowane ɗalibi in ya dawo hutu ya kawo sunan tsiro biyar, da inda yake fitowa, da amfaninsa, da ko yana nan da yawa ko ya fara ɓacewa. Abin da tsoho ya ce asirinsa ne kada a yaɗa, a bar masa kayansa. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.

Sunayen nan arba'in da 'yan kai na kwafe su da kyau a sabon littafi, kowanne da abin da Baba ya faɗa a kansa. Na san na ɓata rubutun wasu, don kunnen Bahaushe ne ya ji su. In Kawu zai koma zan ba shi ya kai wa babban jikan Baba, ya zauna da kakansa su gyara, su kuma ci gaba daga inda hannuna ya gaji. Allah Ya ja kwanan tsofaffinmu, Ya ba mu kunnen sauraronsu tun suna tare da mu, amin.